Doyar Sadakar Babana

Salamu alaikum, 'yan uwana mata da ke bin labarin nan. Masu turo mini saƙo cewa in yi haƙuri, na gani, na gode. Amma ku riƙe haƙurin naku tukuna, ku ji abin da ya faru. In kun gama ji sai ku nuna mini inda zan ajiye shi.

Sunana Rashidatu, 'yar Alhaji Garuba mai doya a Salaga, Allah Ya jiƙansa. Mu biyu ya haifa, ni da ƙanwata Anisatu, babu namiji. Mijina Zakariya mutumin Bawku ne. Da jakar leda ya sauka a garin nan, yana lodin doya a tasha. Baba ya ga ba ya wasa da salla, ya ja shi jiki, ya koya masa gane doya mai ciwo tun daga fatarta, ya ba shi ni, ya ba mu ɗaki da falo a cikin gidansa. Duk shekarun nan daga tukunyar Mma, mahaifiyarmu, muke ci. 'Yarmu Shahida a tsakar gidan nan ta yi rarrafe.

Wanda bai san harkar doya ba, bari in faɗa masa abu ɗaya. Motar Kumasi in an loda ta, kayan mutane da yawa ne a ciki, don haka kowa da alamar da yake zanawa a kan doyarsa. Wani ɗigo, wani zobe. Alamar Baba ƙafar kaza ce. Ta kasuwa da jan fenti yake zana ta. Ta gida kuwa da bula, wannan shuɗin da muke sa wa farin kaya. Doyar da ta sha bula ba ta fita ƙofar gidanmu da sunan ciniki. Kowa a tasha ya san haka.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, wata safiya ya ce a kai shi ɗakin doya. Ni da Anisatu muka riƙe shi. Ya zauna a kan buhu, ya sa muka riƙa miƙo masa laribako, wadda babu kamarta a sakwara. Ya juya wannan, ya ƙwanƙwasa waccan, ya ware manyan gefe guda.

“Rashida, riƙe mini gwangwanin.”

Na riƙe. Hannunsa na rawa, sai yatsan tsakiya na ƙafar kazar ya riƙa zarcewa ƙasa kamar wutsiya. Ya duba ya yi dariya har da tari.

“Kazata ta tsufa, jan ƙafa take yi.”

Sannan ya ce, “Wannan ta arba'in ɗina ce. A kirɓa sakwara a kai wa masu lodi a tasha, su ci su ƙoshi. A kansu na ci abinci duk rayuwata. Kada ku dafa mini shinkafa, ni mai doya ne.”

Na ce, “Baba, ka bar wannan magana.” Ya ce in riƙe gwangwani da kyau, ina zubar masa da bula.

Bai ƙara shiga ɗakin nan ba.

Tun ranar da aka kai shi makwancinsa, gidanmu ya juye. Mma, wadda in ta yi gyaran murya har awaki ke nutsuwa, ta shiga takaba. Ta koma kan tabarma a ƙuryar ɗaki, ba kwalli, ba ɗan kunne, murya ƙasa-ƙasa. Kafin mutane su dawo daga maƙabarta Zakariya ya riga ya zare makullin ɗakin doya daga aljihun rigar Baba, wai kada ya ɓace a cikin hidima. Kwana uku ba a yi ba na leƙa zaure na gan shi a kan buzun Baba, da butar Baba a gefensa, yana karɓar gaisuwa yana cewa “mun gode, mun gode” da wata murya da ban san shi da ita ba.

Anisatu in za ta ɗora girki sai ta je ta durƙusa masa ya ba ta doya, a gidan ubanta. Ni kuma ya ce in daina leƙa kasuwa, mace mai makoki ba ta yawo. Ƙanen Baba, Baba Sulley, ya ce ranar arba'in bayan addu'a dangi za su zauna a damƙa wa Zakariya makullin a gaban kowa, ɗakin doya da gona da hulɗar Kumasi duka, tunda shi ne namijin da ya san aikin. Wallahi ban ji komai ba a lokacin. Mijina ne. Na ce Allah Ya taya shi riƙo.

Da arba'in ta matso na ce masa, “Baban Shahida, a fito da doyar bula a duba ta.”

Bai ɗago daga waya ba. “Ta ruɓe.”

“Wace ce ta ruɓe?”

“Duka. Rufi ya yi yoyo. Na sa an kwashe an zubar, ban faɗa miki ba don kada ki tayar wa Mma da hankali. A sayi shinkafa.”

Na shiga ɗaki na yi kuka kamar ranar aka yi mutuwar. Na yarda da shi, 'yan uwa. Abin da har yau yake ƙona mini rai ke nan. Har haƙuri na ba shi, na ce ya sha wahalar kwasa shi kaɗai.

A wajenmu ba a faɗa wa suruka ranar arba'in ta waya. Sai ka taka ka je, ka yi godiyar zuwan da ta yi gaisuwa, ka faɗa mata da bakinka. Mma ba ta fita, don haka ni zan je Bawku wajen uwar mijina, Hajiya Zuwera. Zakariya ya ce in bi ta Tamale. Ya faɗa da safe, ya maimaita da rana, har ya ce hanyar Yendi ba ta mata ba ce, duk ramuka. Na ce to. Amma da na isa tasha sai ga Alhaji Karimu mai albasa, abokin Baba, motarsa ta sauke kaya za ta koma Bawku. Ya rantse 'yar Garuba ba za ta shiga motar haya yana tsaye ba. Ya sa ni a gaba. Hanyarsa ta Bimbila ce, ta Yendi, ta Gushegu.

A tashar Yendi muka tsaya sallar azahar. Tun kokon safe babu komai a cikina. Na hango wata mai suyar doya a gindin bishiya na nufe ta. Yarinya ce, ba za ta girmi Anisatu ba. Atamfa mai ruwan goro, lalle har gwiwar hannu, ɗan gyale a kafaɗa don ado kawai. Na dubi ƙafarta na ga takalmi mai duwatsu irin wanda Zakariya ya kawo mini daga Kumasi da ƙaramar salla. Na ce a raina, kasuwa ai ta kowa ce.

“Anti, da yaji ko da miyar shito?”

Idona ya riga ya sauka ƙarƙashin teburinta. Doya ce a jere a kan buhu. Shuɗi a kan kowace. Ƙafar kaza, yatsan tsakiya ya zarce ƙasa.

Na durƙusa na taɓa ɗaya. Lafiyarta ƙalau, ko tabo babu.

“Kin san doya ke nan, Anti,” in ji ta. “Laribako ce ta Salaga. Ba a kasuwa na saya ba. Mutumina ya kawo mini, gonarsa ce.”

Na ji muryata ta fito kamar ta wata. “Mijinki?”

Ta yi dariya, ta juya doya a mai. Wata mai sayar da ruwa a gefenta ta ce, “Safura, faɗa mata gaskiya mana, mijin ranar Laraba.”

“Rabu da ita, Anti, baƙin ciki take yi. Saura kaɗan. Tsohon da ya danne shi ya mutu. In an yi arba'in komai zai dawo hannunsa, zai buɗe mini shago.”

“Ba shi da mata?”

“Akwai wata, 'yar tsohon. Ya ce ita ba ta san komai ba sai wanke-wanke da kuka.”

Laraba. Ranar da yake cewa zai je ƙauye duba gona.

Man nan yana tafasa a gabana, kuma kaskon ba shi da nauyi. Ba zan ɓoye muku ba, na duba shi, na dubi fuskarta. Allah ne Ya riƙe hannuna, ba hankalina ba. Na ce ta juye mini duk abin da ke cikin matsamin. Ta yi murna ta ɗaure a takarda. Na ɗauka na nufi inda masu lodin tashar ke zaune a inuwar mota, na ajiye musu, na ce, “Ku ci ku yi wa Alhaji Garuba na Salaga addu'a.” Suka ɗaga hannu suka shafa. Da ƙarfi na faɗi sunan, a kunnenta. Ko gezau. Tana soya sadakarsa tana sayarwa, ko sunansa ba ta sani ba. Tsohon. Sunan da mijina ya ba ubana ke nan a bakin mace.

Na dawo na nuna kan doyar da ta yanke ta jefar gefe, mai alamar.

“Ba ni wannan.”

“Shukawa za ki yi?”

“Shukawa zan yi.”

Alhaji Karimu ya fito daga masallaci ya same ni ina ƙulle shi a bakin gyale. Ya dubi ƙarƙashin teburin, ya dube ni. Har muka wuce Gushegu carbinsa kawai nake ji.

Waya ta yi ƙara. Saƙon Zakariya ne: “Kin wuce Tamale?”

Na rubuta: “Ina hanya, Baban Shahida.”

Ya turo hoton zuciya. Ja.

A Bawku Hajiya Zuwera ta karɓe ni da “sannu, 'yata, sannu da rashi”. Ta shimfiɗa mini darduma a falonta mai labulen leshi, ta sa aka kawo ruwan sanyi. Na durƙusa na yi godiya, na faɗi ranar arba'in yadda aka aiko ni. Da na fita alwala na bi ta wajen awaki. A cikin kwanonsu ɓawon doya ne, da shuɗi a jiki.

Na dawo na kwance bakin gyale, na ajiye kan doyar a gabanta.

“Hajiya, a Yendi na tsinci wannan.”

Ta daɗe tana gyara zaman mayafinta. Sannan ta ce, “Ke yarinya ce har yanzu. Ai Safura ba za ta zo ta zauna miki a Salaga ba. A can zai bar ta.”

“Hajiya, ban faɗi suna ba.”

Fanka na juyawa a sama.

“To na sani, sai me?” Muryar “'yata” ta tafi. “Namiji ne. Shekara nawa ɗana yana durƙusa wa ubanki kamar bawa? Yanzu Allah Ya ɗaga shi. Ku da ba ku da namiji a gida, wa zai riƙe ku? Ki rufe bakinki, ki bar arba'in ta wuce lafiya. In kin tona shi kanki kika tona.”

Na ce, “Doyar ta yi daɗi, Hajiya?”

“Me kika ce?”

“Ta sadakar mamaci ce. Na ce ko ta yi daɗi.”

Ban kwana a gidan ba. A wajen matar Alhaji Karimu na sauka.

Ku fahimce ni, don na san abin da wasu za su rubuto. Da aure ya nema, da ya turo manya, da na ji zafi na haɗiye kamar kowace mace. Ba aure ya yi ba. Kwanan Laraba yake yi, kuma abin da ya biya da shi guzurin ubana ne na lahira, wanda ya zaɓa da hannunsa yana rawa.

Na dawo Salaga ban ce uffan ba. Na dafa masa, na kai masa ruwan wanka, na wanke masa farar shaddar da zai sa ranar, har bula na sa mata. Hajiya Zuwera ta aiko cewa ƙafa ta hana ta zuwa. Ashe ba ta gargaɗe shi ba, ta ɗauka na ji tsoro. Mma kaɗai na faɗa wa. Ta karɓi kan doyar ta riƙe a tafin hannu, ta bi layin nan da yatsa har ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini ta ce, “Ajiye.”

Ranar arba'in shinkafa aka dafa. Ina kallo aka ɗora manyan robobi a motokin, babur mai ƙafa uku, aka kai tasha. Wani tsoho cikin masu lodi ya ce da Anisatu, “Alhaji mai doya, a yi masa sadaka da shinkafa?” Ta dawo tana share hawaye.

Bayan la'asar maza suka zauna a zaure. Baba Sulley, liman, Alhaji Karimu, da 'yan uwan Baba. Zakariya a kan buzu, shadda na ƙyalli, hula a karkace. Mma na bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida, inda ake jin komai. Mace ba ta shiga zaure a irin wannan zama. Na sa hijabina na shiga.

Baba Sulley na riƙe da makullin, ya karɓa don ya miƙa a gaban shaidu. Ya ce, “Rashida, lafiya? Koma ciki, yanzu za mu gama.”

Na durƙusa. “Baba, tambaya ɗaya ce, in an amsa zan koma. Doyar da Baba ya ware ta sadakarsa, ina take?”

Zakariya ya yi murmushi irin na mai haƙuri da mahaukaciya. “Ku yi mata uzuri, rashin ne ya taɓa ta. Na faɗa mata ta ruɓe.”

“Duka?”

“Duka.”

“Ka zubar?”

“Da hannuna. Ke, tashi ki shiga ciki.”

Na kwance ƙullin na ajiye a tsakiyar tabarma.

Baba Sulley ya ɗauka ya kai kusa da ido. “Hannun Yaya ne,” in ji shi. “Na ƙarshe-ƙarshen nan. Ga jan ƙafar.” Ya juya shi ya dubi yankan. Fari tas.

“To ai... wataƙila yaran da suka kwashe ne suka tsinci masu kyau suka sayar,” in ji Zakariya.

“Yanzu ka ce da hannunka.”

“Ni kike mayar wa magana a gaban mutane?”

“Kai nake mayar wa, Zakariya.”

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba. Har liman ya ɗago.

“A tashar Yendi take, ƙarƙashin teburin Safura mai suya, wadda kake kwana wajenta ran Laraba. Saura na kwanon awakin uwarka a Bawku. Ka ce mata tsohon da ya danne ka ya mutu. Tsohon nan shi ya saya maka rigar da ka fara zuwa Juma'a da ita a garin nan!”

“Ƙarya take yi! Sharri ne na mata!”

Alhaji Karimu ya ajiye carbi. “A gabana ta ɗauko shi. Na ga sauran da idona, sun kai rabin buhu. Zakariya, ka ji tsoron Allah, ka yi shiru.”

Liman ya yi ta salati. Baba Sulley ya dubi makullin a hannunsa kamar ya zame masa garwashi. Ya ce, “To yanzu ya za a yi? Ni tela ne, ban san doya ba. Ga motar Kumasi gobe. Mace kuma da ɗakin doya, da masu lodi, da direbobi... Ko dai a ja masa kunne, ya nemi gafara, a bar shi ya riƙe na ɗan lokaci?”

Na ga wasu na gyaɗa kai. Wallahi na ga suna gyaɗa kai. Bayan duk abin da suka ji.

Sai murya ta fito daga bayan labule. Ba muryar takaba ba, tsohuwar muryar da muka sani.

“Sulley.”

“Na'am, Yaya Hawawu.”

“Ranar da yayanka ya yi zanen nan, wa ya riƙe masa gwangwani?”

“An ce Rashida ce.”

“Tun tana goye nake zuwa da ita tasha. Ba ta makullin.”

Zakariya ya miƙe tsaye a kan buzun. Idonsa ya kaɗa. Ya nuna ni da yatsa. “In kika taɓa makullin nan, ki sani babu ni babu ke.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, gabana ya faɗi. Na tuna Shahida. Na tuna shekarun da na yi ina jiran ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Baba Sulley ya miƙo hannu, makullin na lilo a igiyarsa, igiyar da Baba ya murɗa da kansa, ta yi baƙi da gumin hannunsa.

Na karɓa.

“Ƙofar da ka shigo da jakar leda tana nan, ba a toshe ta ba,” na ce. “Amma kafin ka yanke shawara, sauka daga kan buzun ubana.”

Ya dubi mazan ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya dube shi. Ya sauka. Na naɗe buzun, na ɗauki butar, na shige da su ɗakin Mma.

Yau da safe na buɗe ɗakin doya. Rufin lafiyarsa ƙalau, ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga ba. Kusurwar da muka jera laribako wayam, sai ɗige-ɗigen bula a ƙasa inda hannuna ya zubar. Na zauna a kan buhun da Baba ya zauna na yi kukan da zan yi. Kan doyar kuma na binne shi a bayan ɗakin Mma. In ya fito, masu lodi za su ci sakwarar Baba ko da loma ɗaya ce.

Zakariya bai tafi ba, bai kuma fito ba. Jakarsa na bakin ƙofa a ɗaure, shi yana ciki. Ɗazu ya turo mini saƙon murya, daga ɗaki zuwa tsakar gida. Dogo ne. Ko saki ne a ciki, ko roƙo, ban sani ba. Anisatu ta ce in buɗe. Na ce ya jira. Motar Kumasi na tsaye a tasha, kuma masu lodi sun aiko cewa ba za su ɗaga ko doya ɗaya ba sai an zana mata ƙafar kaza.

Na jefa wayar a jaka, na ɗaura makullin a bakin zanena, na ce da Anisatu, “Ɗauko jan fenti. Ke za ki riƙe mini gwangwanin.”